Ɗanyen Ƙwai Ko Garin Ƙwai: Jagora Ga Mai Haɗa Abincin Fatsar Kifin Karp

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan mas'ala shi ne, a kowace shekara idan sanyin hunturu ya fara ja da baya a ƙasar Ingila, ruwan tafkuna ya soma ɗumi, kifin karp ya bar kasalarsa ya shiga neman abinci, sai ka tarar da sababbin shiga harkar fatsa sun duƙufa a ɗakunan girki suna haɗa curin nan da ake kira boili, kuma galibinsu a wuri ɗaya suke tuntuɓe, wato wajen ƙwai. Wani ya ce nasa ya watse a tukunya, wani ya ce nasa ya tsattsage wajen shanya, wani ya ce nasa bai yi sa'a biyu a ruwa ba ƙananan kifaye suka cinye shi, wani kuwa ya buɗe jakarsa bayan kwana uku ya iske fumfuna ta rufe kome. Kowannensu sai ya ɗora laifin a kan garin da ya saya ko ƙamshin da ya zuba, alhali kuwa da ya yi tadabburi, da ya gane cewa illar daga ƙwai ta taso, ko daga rashin auna shi, ko daga zaton cewa garin ƙwai da ɗanyen ƙwai abu ɗaya ne ta kowace fuska.

Asalin wannan curi

Ya kamata mai karatu ya san dalilin da ya sa aka shigar da ƙwai cikin wannan aiki tun farko, domin wanda ya san dalilin hukunci ba ya ruɗewa idan hali ya sake. A shekarar 1952, lokacin da Richard Walker ya kama karp mai nauyin laba 44, wato kimanin kilo 20, a tafkin Redmire, abin da ya sa a fatsarsa bai wuce kwaɓaɓɓen burodi ba. Amma kwaɓi mai taushi yana da aibi babba, domin mai neman babban karp yakan kwana ya wuni fatsarsa na cikin ruwa, ƙananan kifaye kuwa ba sa barin abu mai taushi ya daɗe. A ƙarshen shekarun 1960 wani mai fatsa, Fred Wilton, ya yaɗa ra'ayin cewa kifi yana gane abincin da yake amfanar jikinsa har ya riƙa komawa gare shi, sai ya riƙa haɗa kwaɓinsa da furotin na madara, ya kwaɓa da ƙwai maimakon ruwa, ya cura, ya tsoma a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci, ta yadda bayan curin zai yi fata mai tauri wadda ƙaramin kifi ba ya iya gutsura. Karp kuwa ba ruwansa da wannan tauri, saboda Allah ya halitta masa haƙora a cikin maƙogwaro waɗanda yake murƙushe dodon koɗi da su. Daga baya, a ƙarshen shekarun 1970, Lenny Middleton da Kevin Maddocks suka fito da dabarar rataye curin a wani siririn zare a ƙarƙashin ƙugiya maimakon soka ƙugiyar a cikinsa, kuma tun daga nan taurin curi ya daina zama cikas ga kamu.

Wannan kifi ba baƙo ne ƙwarai ga ƙasarmu ba, domin tun a shekarun 1950 aka kawo irinsa daga Turai zuwa gonar kifi ta Panyam a ƙasar Filato, inda sanyin wurin ya dace da shi. Amma fatsarsa da irin wannan curi al'ada ce ta Ingila da Faransa da maƙwabtansu, saboda haka da awonsu da yanayinsu zan yi bayani.

Aikin ƙwai a cikin kwaɓi

Ƙwai yana yin aiki uku a lokaci guda, kuma duk saɓanin da ke tsakanin masu ɗanye da masu gari a kan waɗannan uku yake. Na farko, shi ne ruwan kwaɓin, domin kashi uku cikin huɗu na abin da ke cikin ɓawon ƙwai ruwa ne. Na biyu, shi ne mai ɗaure curin, domin furotin da ke cikin farin ƙwai yana fara daskarewa idan zafi ya haura digiri 60 kaɗan, ya gama kamawa sosai wajen digiri 80, ya riƙe ƙwayoyin gari a cikin saƙarsa. Na uku, gwaiduwa tana ɗauke da wani sinadari da ake kira lesitin, wanda yake sulhunta mai da ruwa har su gauraya, ta yadda man kifi da ƙamshin da ka zuba za su bazu ko'ina cikin kwaɓin daidai wa daida.

Garin ƙwai kuwa ƙwai ne na haƙiƙa wanda aka fasa a masana'anta, aka ɗumama shi don kashe ƙwayoyin cuta, sa'an nan aka fesa shi cikin iska mai zafi har ruwansa ya ƙone, ya rage gari wanda kusan rabinsa furotin ne, kimanin kashi 40 cikin 100 kuma mai. To, a nan ne fa'idarsa da illarsa suka haɗu. Fa'idar ita ce an raba aikin farko da sauran biyun, ruwan ya koma hannunka, kai ne za ka zaɓi abin da za ka zuba a madadinsa. Illar kuwa ita ce zafin da ya ratsa a masana'anta da daɗewar da yake yi a ajiya sukan rage masa ƙarfin kamawa, har curin da aka yi da garin ƙwai zalla ya fi na ɗanye taushi da saurin marmashewa, sai fa an taimaka masa. Wanda ya riƙe waɗannan jumloli biyu ya riƙe asalin mas'alar, sauran duk rassa ne.

Kayan aiki

Abu na farko, wanda na ɗauke shi wajibi, shi ne sikeli mai auna giram ɗaya ɗaya, domin mudu da cokali da ƙiyasin ido ba su da gurbi a wannan aiki. Sa'an nan kana bukatar kwano babba na kwaɓi da ƙaramin kofi na fasa ƙwai, da cokali mai yatsu, da rariya, da sirinji ko ɗan kofin awo mai nuna mililita, da tukunya mai faɗi da kwandon waya wanda zai shiga cikinta, da agogo mai nuna daƙiƙa, da tsumma mai tsabta ko faranti mai raga na shanya, da jakunkunan leda na firiza. Bindigar matsa kwaɓi da allon mulmula mai kwarkwaro suna sauƙaƙa aiki ƙwarai, amma mustahabbi ne, tafin hannu yana isar wa mai kilo ɗaya. Ka kuma tanadi littafi da alƙalami, ka rubuta duk abin da ka auna, domin curin da ya yi kyau ba tare da an rubuta awonsa ba ba ya maimaituwa.

Game da gari, ga wani haɗi mai sauƙi na kilo ɗaya wanda ya ishi mai koyo: samolina giram 350, garin waken suya giram 250, garin kifi giram 250, madarar gari giram 100, niƙaƙƙen abincin tsuntsaye giram 50. Ka tabbata waken suyan gasasshe ne, saboda ɗanyensa yana ɗauke da abin da ke hana kifi narkar da furotin.

Mataki na 1: Zaɓi ƙwanka, ka auna shi da sikeli

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne ƙirga ƙwai maimakon auna shi. Ana cewa kilo ɗaya na gari yana shan ƙwai 8 zuwa 10, kuma maganar gaskiya ce, sai dai ba ta faɗi girman ƙwan ba. A ƙa'idar kasuwannin Turai matsakaicin ƙwai yana tsakanin giram 53 da 63 har da ɓawo, babba kuwa tsakanin 63 da 73, saboda haka mutum biyu da kowannensu ya fasa ƙwai goma suna iya bambanta da kusan giram 100 na ruwa, ɗaya kwaɓinsa ya yi caɓi, ɗaya ya yi daidai, alhali littafi ɗaya suka bi. Ka ɗora kwano a kan sikeli, ka fasa har ka sami giram 500, wanda shi ne kimanin matsakaitan ƙwai goma, ka mai da wannan adadi asasin lissafinka.

Idan garin ƙwai za ka yi aiki da shi, ƙa'idarsa ita ce kashi ɗaya na gari da kashi uku na ruwa, da nauyi. Madadin giram 500 na ɗanyen ƙwai ke nan giram 125 na gari da mililita 375 na ruwa, kuma da wannan lissafi kilo ɗaya na garin ƙwai yana tsayawa a matsayin ƙwai kimanin 80. Amma kafin ka biya kuɗi ka karanta jikin jakar da kyau, domin abubuwa huɗu ne ake sayarwa masu kama da juna: akwai garin cikakken ƙwai, akwai garin farin ƙwai zalla, akwai garin gwaiduwa zalla, akwai kuma wani da ake yi da sitaci don masu ƙaurace wa cin ƙwai, wanda babu ƙwai ko kaɗan a cikinsa. Na farko shi ne madadin ɗanyen ƙwai. Na biyu magani ne na tauri da za mu zo kansa. Na uku ba ya ɗaure curi yadda ake bukata, na huɗu kuwa ba na wannan aiki ba ne. Ka kuma sansana garin, domin mansa yana lalacewa idan iska da zafi da haske sun same shi, kuma idan ka ji warin tsohon mai ko ka ga ya dunƙule ya canza launi, to ka zubar, kada ƙyashin kuɗin da ka kashe ya sa ka ɓata kilo guda na gari mai kyau.

Mataki na 2: Shirya ruwan ƙwai

Mai ɗanyen ƙwai ya fasa kowane ƙwai a ƙaramin kofi tukuna kafin ya juye a babban kwano, saboda ruɓaɓɓe guda ɗaya yana ɓata tara. Ya fitar da ƙwan daga firji tun da wuri sanyinsa ya ragu, domin mai yana yin kauri a cikin ƙwai mai sanyi, ba ya gauraya. Sa'an nan ya kaɗa da cokali mai yatsu a hankali har fari da gwaiduwa su zama abu ɗaya, ba tare da ya tayar da kumfa ba. Masu koyo da yawa sukan sa injin kaɗawa su buga har kumfa ta cika kwano, suna zaton ƙwazo ne, ba su san iskar da suka cusa za ta zauna cikin curin ba, ta kumbura a tukunya, ta bar shi da ramuka, wani lokaci ma ta rage masa nauyi har ya ƙi kwanciya a ƙasan tafki yadda ake so. Wasu sukan daka ɓawon ya yi laushi su zuba a ciki don curin ya yi ƙaras-ƙaras a haƙoran kifi, kuma ban ga laifin wannan ba muddin an daka shi sosai, domin manyan ɓarɓashi suna toshe bakin bindigar matsa kwaɓi.

Mai gari yana da hanya biyu, kuma ina fifita ta farko ga mai koyo. Hanya ta farko ita ce ya tankaɗe garin ƙwan da rariya, ya zuba masa ruwa kaɗan mai ɗumi-ɗumi ya dama har ya zama kauri babu gudaji, sa'an nan ya ƙara sauran ruwan sannu a hankali, ya rufe ya bar shi kamar minti 20 zuwa 30. Wannan jira shi ne sharaɗin da aka fi tozartawa. Furotin da ya bushe ƙayau yana bukatar lokaci kafin ya sha ruwa ya koma halinsa, kuma idan ka gaggauta ka zuba gari a kansa, samolina da waken suya za su riga shi shanye ruwan, ya zauna a cikin kwaɓin yana busasshen gari wanda ba ya ɗaure kome. Kada kuma ruwan ya yi zafin da yatsa ba ya jurewa, domin za ka dafa ƙwan tun bai shiga kwaɓi ba, abin da ya riga ya daskare kuwa ba ya sake daskarewa a tukunya.

Hanya ta biyu ita ce a gauraya garin ƙwan cikin busasshen haɗin tun farko, a rufe a bokiti a girgiza, ranar aiki sai a zuba ruwa kawai. Tana da daɗi ga mai tafiya, amma ka lura da lissafi: giram 125 ɗin ƙari ne a kan kilo ɗaya na haɗinka, jimla giram 1,125, kada ka rage garin kifi ko samolina don ka ba shi wuri sai idan da niyya ka yi. Kwaɓin wannan hanya kuma yana bukatar hutu mai tsawo a mataki na biyar.

Mataki na 3: Zuba ƙamshi da mai da abincin ruwa

Duk abin da yake ruwa-ruwa a cikin ƙwai ake zuba shi kafin gari ya shiga, domin gwaiduwa ta raba shi daidai. Idan ka ɗiga ƙamshi a kan kwaɓin da ya riga ya haɗu, wani curi zai yi ɗaci da yawan ƙamshi, wani kuma ya fito salam. Ƙamshin kwalba mai ƙarfi ne ainun, mililita 3 zuwa 5 a kilo yakan isa, kuma ka bi abin da mai shi ya rubuta, ka karkata ga ƙarancin, domin hancin kifi ya fi naka nesa ba kusa ba, abin da ka ji daidai shi a wurinsa ya yi yawa. Man kifi kamar mililita 20 zuwa 30 ya wadatar da bazara, da hunturu kuwa ka rage shi ƙwarai ko ka bar shi, saboda yana daskarewa a ruwan sanyi ya kulle ƙamshin, ga shi kuma cikin kifi ba ya narkar da abinci da sauri a wannan lokaci.

A nan ne garin ƙwai yake da hujjarsa mafi ƙarfi, kuma adalci ne a faɗe ta cikakkiya. Akwai abincin ruwa da karp yake so ƙwarai, kamar narkakken furotin na kifi, da ruwan hanta, da ruwan jiƙon masara na masana'anta, da ruwan rake mai kauri. Mai ɗanyen ƙwai idan ya ƙara mililita 100 na irin waɗannan a kan giram 500 na ƙwansa, ruwan kwaɓinsa ya ƙaru, dole ya ƙara gari, sai rabon ƙwai a kowane curi ya ragu, curin ya yi rauni. Mai garin ƙwai kuwa sai ya cire mililita 100 daga cikin 375 na ruwansa ya maye gurbinsu da abincin ruwan, ƙwansa na nan cikakke bai ragu ba. Wannan fa'ida ce ta gaske wadda ɗanyen ƙwai ba ya bayarwa. Sai dai ka sani narkakken furotin yana sassauta curi, saboda haka ka fara da kaɗan ka ga hali. Ina kuma jan hankalin ɗan'uwa Musulmi ya binciki asalin ruwan hanta da garin jini da ake sayarwa a shagunan fatsa na Turai, domin wasunsu daga alade ake yin su, kuma akwai na kifi da na kaza da za su wadatar da shi.

Mataki na 4: Kwaɓi

Gari ake zubawa cikin ruwa kaɗan kaɗan, ana juyawa da cokali har ya yi kauri, sa'an nan a sa hannu. Kada ka ɗaure wa kanka cewa lalle sai kilon nan ya shige duka, domin gari yana bambanta wajen shan ruwa, kwaɓin ne zai gaya maka ya ƙoshi: ya daina manne wa hannu, ya yi santsi, idan ka cura shi ya tsaya kamar curin fura mai kyau, idan ka danna da yatsa gefensa bai tsage ba. Gara ka tsaya yana da ɗan danshi, saboda zai ƙara tauri da kansa.

Mai garin ƙwai, da duk wanda yake son curi mai jure daɗewa, a nan zai nemi taimakon garin farin ƙwai, wanda kusan kashi 80 cikin 100 nasa furotin ne mai kamawa. Giram 30 zuwa 50 a kilo, a gauraya shi cikin busasshen gari tun kafin ya taɓa ruwa, yana mayar wa curin garin ƙwai taurin da ya rasa. A ruwayen da ke da wata irin ƙaguwa mai dogon jiki, wadda asalinta Amurka ta Arewa ne ta kuma bazu a Ingila tun shekarun 1970, ko tafkunan Faransa masu ɗan kifin nan mai kama da ƙaramin tarwaɗa wanda ke afka wa abinci garke garke, akan kai shi giram 100 a kilo, amma ga 'yan curin da za a rataya a ƙugiya kaɗai. Idan ka yi wa dukkan abincin da za ka watsa haka, ka sami duwatsu masu kyan gani waɗanda suka kulle ƙamshinsu a ciki, kifi ya wuce ta kansu bai ji kome ba.

Mataki na 5: Hutu da mulmulawa

Ka sa kwaɓin a leda ka ɗaure, ka bar shi minti 15 idan na ɗanyen ƙwai ne, minti 30 ko fiye idan na gari ne. Bayan hutun, in ya yi tauri ka jiƙa hannu ka murza, in ya yi danshi ka barbaɗa gari kaɗan. Ka shafa ɗan mai a allo da tafin hannu, ka yi tsiri, ka yanka, ka mulmula, kana ciro kaɗan kaɗan daga ledar don kada iska ta busar da sauran. Ka yi ƙoƙari girman curin ya zama ɗaya, milimita 14 ko 16 ko 20, domin lokacin tafasa a kan girma yake.

Mataki na 6: Tafasawa

Ruwa ya kasance mai yawa, yana tafasa sosai kafin curi ya shiga, kuma ya ci gaba da tafasa bayan ya shiga. Wannan ita ce ƙa'idar, kuma mai gaggawa ne yake karya ta, ya juye rabin kilo gaba ɗaya, zafin ruwa ya faɗi, curin ya zauna cikin ruwan ɗumi yana jiƙa fatarsa ba ta kama ba, ya narke, tukunya ta zama kunu. Ka zuba cikin hannu ɗaya ko biyu kawai a kwandon waya, ka duba agogo: curin milimita 14 yana bukatar daƙiƙa 60 zuwa 90, na milimita 20 kuwa kamar minti biyu. Kada ka dogara da tasowarsa saman ruwa, domin wani haɗin yana tasowa da wuri, wani ba ya tasowa sam. Ka tuna manufar fata ce a waje, ciki ya rage da ɗan taushi, kuma duk daƙiƙar da ka ƙara bayan fatar ta kama ƙamshi ne da abin gina jiki kake zubarwa a ruwan tukunya.

Curin garin ƙwai ya fi rauni a daƙiƙun farko, saboda haka kada ka juya shi da cokali, ka ɗan girgiza kwandon kawai. Idan ka ga yana marmashewa duk da ka kiyaye sharuɗɗan da suka gabata, ka turara shi a madambaci maimakon tafasawa, wanda yake ɗaukar lokaci ninki uku ko huɗu amma ba ya wanke abin da ke ciki. Ka canza ruwan tukunya idan ya yi kauri da kumfa, ka buɗe taga, ka kuma nisantar da yara daga wurin, domin tukunya mai faɗi cike da tafasasshen ruwa haɗari ce.

Mataki na 7: Shanya da ajiya

Ka baza curin a kan tsumma ko raga, kada wani ya hau wani, a inuwa inda iska ke ratsawa, kwana ɗaya zuwa biyu, kana jujjuya shi. Rana da zafin murhu suna busar da waje ciki na jiƙe, sai ya tsage. Bayan haka ka raba shi a jakunkuna gwargwadon abin da za ka yi amfani da shi a fita ɗaya, ka sa a firiza.

Akwai wani zato da ya yaɗu wanda ya wajaba a kore shi, cewa curin garin ƙwai ba ya lalacewa tun da garin yana daɗewa a ajiya. Wannan ƙiyasi ne ɓatacce. Garin yana daɗewa ne saboda ba shi da ruwa, kuma daga sa'ar da ka jiƙa shi ya koma ƙwai, hukuncinsa hukuncin ɗanye ne. Curin da aka kulle a leda da danshinsa a ranakun bazara, na gari ne ko na ɗanye, kwana uku ko huɗu sun isa ya yi yauƙi da fumfuna. Wanda zai yi mako a bakin tafki babu firiza sai ya shanya shi a jakar raga mako ɗaya ko fiye har ya bushe ƙayau, ya rataye jakar inda ɓeraye ba sa kaiwa. Abin da ya yi fumfuna kuwa kada ka watsa shi a ruwa da sunan gudun asara. A Ingila kifin karp da aka kama mayar da shi ruwa ake yi da ransa, wani ya shekara talatin ko arba'in a tafki ɗaya, abin da muke zubawa kuma ya zama wani kaso na abincinsa, saboda haka amana ce a wuyanmu. Ka kuma wanke hannu da kwano da allo da sabulu bayan taɓa ɗanyen ƙwai, saboda ƙwayar cutar salmonela, kada ka ɗanɗana ɗanyen kwaɓi.

Mataki na 8: Jarrabawa kafin fita

Ka ɗauki curi uku ka sa a kofin gilas mai ruwan tafki ko ruwan sama, ka duba bayan sa'a ɗaya, da bayan sa'a 12, da bayan 24. Curi nagari zai nutse ya kwanta, ruwan ya ɗan gurɓace da ƙamshinsa tun a sa'ar farko, washegari ya yi taushi a waje amma siffarsa na nan, allura ta ratsa shi bai fashe ba. In ya watse da wuri, ƙwai ya yi kaɗan ko garin bai jiƙu ba ko tafasar ta gaza. In kuwa ruwan ya zauna garau curin na nan kamar tsakuwa, farin ƙwai ya yi yawa ko ka wuce lokaci a tukunya. Wanda yake son ya yanke wa kansa hukunci tsakanin ɗanye da gari ya raba haɗi ɗaya kashi biyu, ya yi rabi da wannan rabi da wancan a rana ɗaya, kada ya canza kome sai ƙwan, domin wanda ya canza abu biyu a lokaci guda ba zai san wanne ya yi tasiri ba.

Abin da ya rinjaya a wurina

Garin ƙwai yana da wurinsa, ba na musun haka. Mai haɗa kilo 20 ko 30 a zama ɗaya, wanda fasa ƙwai ɗari biyu ko uku zai cinye masa lokaci mai yawa, da mai ƙetare teku zuwa tafkunan Faransa yana son ya kwaɓa sabo a bakin ruwa, da mai son cika curinsa da abincin ruwa, duk waɗannan gari ya fi dacewa da su. Haka nan lokacin da ƙwai ya yi ƙaranci, kamar yadda ya faru a Ingila a ƙarshen 2022 sa'ad da murar tsuntsaye da tsadar abincin kaji suka sa wasu manyan shaguna ƙayyade adadin da mutum zai saya. Amma mai koyo wanda abin da zai haɗa bai wuce kilo ɗaya zuwa biyar ba, ɗanyen ƙwai ya fi masa, domin yana kamawa da ƙarfi ba tare da taimako ba, yana jure ƙananan kurakurai na awo da na lokaci, ana samunsa a kowane kanti, kuma lalacewarsa ba ta ɓuya ga hanci. Shawarata gare ka, ɗan'uwa, ka yi shekararka ta farko da ɗanyen ƙwai da sikeli da littafinka, ka ajiye ƙaramar jakar garin farin ƙwai don curin ƙugiya, sai ranar da hannunka ya san kwaɓi mai kyau tun kafin ido ya duba, sa'an nan ka sayi garin cikakken ƙwai ka gwada shi a kan rabin haɗinka.